Hadari Ya Haɗu, Ladan Na Riƙe da Makirufo



Duk mazaunin Kaduna ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa. A watan Afrilu ko Mayu, da la'asar sakaliya, sai gabas ta yi baƙi ƙirin ta wajen Malali da Unguwar Rimi, iska ta taso da ƙura, kafin ka ce kwabo an ɗauke wuta. Washegari kuwa, ka leƙa shagunan masu gyara a Kasuwar Barci ko bakin titin Kawo, za ka tarar da talabijin da dikoda da amfilifaya a jere, kowa na faɗin abu ɗaya: "Oga, tsawar jiya ce ta kashe min shi."

Tambayar da aka fi yi ita ce, ta yaya aradu za ta ƙona na'urar da ke cikin ɗaki alhali ba ta faɗo a kan gidan ba? Ai ba sai ta faɗo a kanka ba. Wutar da muke sha a soket ƙarfinta kusan volt 230 ne. Walƙiya ɗaya kuwa tana ɗauke da miliyoyin volt, tana kuma ɗumama iskar da ta ratsa har zafinta ya ninka na fuskar rana wajen sau biyar. Idan ta sauka kusa da turken wuta, ko da can nesa da layinku ne, wani kaso na ƙarfin nan zai hau waya ya bi ta har cikin gida. Haka yake bin wayar eriya da ta faifan tauraron ɗan Adam.

To, kashe maɓalli bai wadatar ba? Bai wadatar ba ko kusa. Wutar da ta tsallako daga gajimare zuwa ƙasa, ɗan tsakanin da ke cikin maɓalli ba zai tare ta ba. Sitabilaiza ma ba aikinta ke nan ba. Ita tana daidaita hawa da saukar wutar NEPA ne kawai. Zare fulogi daga bango, ka zare wayar eriya, kuma ka yi hakan tun hadari na haɗuwa, ba sai an fara tartsatsi ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masallatanmu. Ku dubi yadda muke haɗa su, daga Tudun Wada har Unguwar Dosa. Ana ɗaura lasifika a kan dogon bututun ƙarfe ko kan hasumiya, domin kiran salla ya kai nesa. Sau da yawa nan ne wuri mafi tsawo a layin gaba ɗaya. Daga can waya ta sauko zuwa amfilifaya, daga amfilifaya wata wayar ta tafi makirufo, makirufon kuma yana hannun ladan, dab da leɓensa, ga shi ya fito daga alwala, ƙafa ba takalmi. Hanya ce muka shimfiɗa da hannunmu, daga sama har jikin bawan Allah.

Na taɓa yin salla a wani masallacin unguwa inda ladan ke naɗe makirufo da hankici. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗan nan, ja yake yi, mun saba." Maganar nan ta daɗe tana damuna. Makirufon da ke ja yana gaya maka ne cewa wuta na yawo a jikin na'urar, kuma ba ta da hanyar shiga ƙasa. Fulogin nan mai ƙafa uku, doguwar ƙafar ta sama ita ce ta wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira atin. Mu kuwa sai mu sa tsinke mu buɗe ramin, mu cusa mai ƙafa biyu. Wani ginin ma ba a binne sandar atin ɗin ba sam. Ƙugin nan da amfilifaya ke yi ana tsakiyar karatu, shi ma sau da yawa daga rashin atin ne ko lalatacciyar waya.

Kwamitin masallaci, don Allah ku ji wannan. Kuɗin da za a kashe a kira ƙwararren mai aikin wuta ya binne sandar tagulla a ƙasa mai danshi, ya kuma kafa sandar kariya daga aradu sama da lasifika da kakkaurar waya mai sauka kai tsaye cikin ƙasa, ba asara ba ne. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajajen 1752 Benjamin Franklin ya fito da ita a Amurka, kuma ita ce ake sa wa turakun kamfanonin waya da kuke gani. Makirufo marar waya ma yana raba ladan da wannan hanya. In kuwa babu ko ɗaya, ana tsawa, a yi kiran salla da baki daga cikin masallaci. Wannan magana ta shafi coci-coci da masu kiɗan biki da ke kafa rumfa a fili.

Ba kowace ƙonewa ce laifin aradu ba. Amfilifayar da aka jibga wa lasifika fiye da ƙarfinta, aka kulle ta a akwatin da iska ba ta shiga, zafi ne zai cinye ta ko da rani.

Wayar salula fa, tana jawo aradu? Ba ta jawowa. Haɗarin yana wajen riƙe ta tana caji a bango. Ga kuma ɗan lissafi: in ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. Muddin kana jin tsawa, tana iya kaiwa gare ka. Ka bar gindin bishiya, ka bar bakin Kogin Kaduna, ka shiga ginin kirki ko mota mai rufin ƙarfe, ka dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Saura magana ɗaya. Mun taso muna jin cewa wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an yayyafa nono. Jama'a, babu sauran wuta a jikinsa. Abin da ke kashe shi tsayawar zuciya ne da numfashi, kuma mintunan da za a ɓata ana neman nono su ne na ceton ransa. A taɓa shi nan take. In ba ya numfashi, a dinga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani ya kira 112, a garzaya da shi asibitin Barau Dikko, ko na Yusuf Ɗantsoho, ko duk wanda ya fi kusa.