Takardar Shaida Ba Ta Mayar da Jabu Na Gaske

Duk wanda ya leƙa kasuwannin intanet irin su eBay zai tarar da hotunan taurarin fim birjik, na Amurka da na Indiya, kowanne da sa hannun jarumi a jiki. Da mai saye ya nuna shakku, sai a ce masa ai akwai takardar shaida, shi kuma ya saki jiki ya biya. Wannan sakin jikin ne abin takaici.

Takardar shaida ba ta fi amanar wanda ya rubuta ta ba. A shekarar 1999 hukumar FBI ta Amurka ta kai samame kan wani gungun masu jabun sa hannu a binciken da ta kira Operation Bullpen. Gwaninsu, Greg Marino, ya kwaikwayi hannun 'yan wasa da taurari, har da na Mother Teresa a jikin ƙwallo. Da takardun shaida kayan suka shiga kasuwa, domin da masu tantancewar aka haɗa baki. Wanda ya iya ƙirƙirar sa hannu, takarda ce za ta gagare shi?

Wasu kuma sukan ɗauko wani sa hannun su gwada, in sun ga sun dace sak sai su ce magana ta ƙare. Alhali dacewar ce abin tsoro. Mai tuyar ƙosai da hannu ɗaya take jefawa, amma ƙosai biyu ba sa fitowa iri ɗaya. Haka rubutun ɗan Adam yake. In sa hannu biyu suka hau kan juna ba bambanci, to na'urar Autopen ce ta zana, ko kuwa tare da hoton aka buga shi. A karkata hoton a haske: tawadar gaske tana zaune a saman takarda, ƙyallinta daban da na hoton.

Alƙalamin ma yana tona asiri. Jaruma Marilyn Monroe ta rasu a 1962, makar Sharpie kuwa sai 1964 ta fito, don haka sa hannunta da Sharpie jabu ne. Haka ma jaruma Jean Harlow ta rasu a 1937, biro bai shiga kasuwar Amurka ba sai 1945. Ita Harlow ma mahaifiyarta ce ke sa hannu a yawancin hotunan da ake aika wa masoyanta. Ga hoto tsoho, tawada tsohuwa, amma hannun ba nata ba.

Kamfanonin tantancewa irin su PSA da JSA suna da amfani, tunda ana iya bincika lambar takardarsu a shafinsu, sai dai ra'ayin ƙwararru suke bayarwa, ba su ga lokacin da aka sa hannun ba a mafi yawan lokuta. Don haka kafin a biya, a tambayi mai kaya: a ina aka sa hannun, yaushe, hannun wa da wa hoton ya bi? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ya koma yana nuna maka hatimi, ka riƙe kuɗinka.