Shin citta da kurkum suna maganin ciwon suga?



Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, neman magani halal ne. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin da ke nuna cewa kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta. Citta mai yatsu, da kurkum (wasu na ce masa gangamau), da citta mai ƙwaya duk dangi ɗaya ne, kuma babu laifi a yi amfani da su.

Sai dai ka lura. An ambaci citta da sunan zanjabil a Suratul Insan, aya ta 17, amma a kan abin shan 'yan Aljanna ne. Ayar ba ta ce tana warkar da wata cuta ba. Ruwayar da ake yaɗawa cewa wani sarki ya aiko wa Annabi (SAW) tulun citta kuwa, malaman hadisi sun raunana ta. Saboda haka amfaninta ga mai ciwon suga magana ce ta likitoci, kada a jingina ta ga wahayi.

Likitoci sun ga wani abu. A wani bincike da aka buga a 2012, an gwada mutum 240 a ƙasar Tailan waɗanda ke dab da kamuwa. Cikin waɗanda suka sha sinadarin kurkum tsawon wata 9 ba wanda ya kamu, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 16 cikin 100 sun kamu. Amma wannan rigakafi ne, kuma tataccen sinadari aka ba su, ba garin da ake barbaɗawa a miya ba. Citta ma an ga tana ɗan rage suga ga masu nau'i na biyu. Mai nau'i na farko ba shi da madadin allurar insulin.

Don haka kada ka ajiye maganin asibiti, domin shari'a ta hana mutum cutar da kansa. Ka faɗa wa likitanka kafin ka fara, musamman in kana shan maganin tsinka jini, ko kina da juna biyu. Haɗa su da ƙwayoyin suga na iya kayar da sugan, ka ji gumi da jiri da rawar jiki. In haka ta faru kana azumi, ka karya, ka rama daga baya. Shayin citta da aka cika wa sukari ko zuma kuwa, ƙara sugan yake yi.

Allah ne Mafi sani.