Lambar 2,147,483,647: abin da ya kamata ku sani

Ku fara da 2, ku yi ta ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32. A mataki na 31 za ku isa 2,147,483,648. Ku cire ɗaya, sai ga lambar da muke magana a kanta, biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da 'yan kai.

Babban abin da ya fito da ita shi ne ba ta rabuwa. In ban da 1 da ita kanta, duk lambar da aka raba ta da ita sai an samu saura. Haka 7 da 13 suke, to amma su a take ake gane su. Wannan kuwa sai an tabbatar babu ko ɗaya cikin lambobin da ke tsakanin 2 da 46,340 da ta raba ta daidai. Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya tabbatar da hakan a 1772, ba kwamfuta, ba na'urar lissafi, ga idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Bai tsaya gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya fara gano siffar da mai raba ta zai ɗauka, ya zubar da sauran, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage. A ganina wannan dabarar ta fi sakamakon burgewa.

Lambobin da ake samu ta ninka 2 a cire ɗaya suna ɗauke da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya jera su a 1644. Ba dukansu ne marasa rabuwa ba: 2,047 tana cikin dangin, alhali 23 sau 89 ce. Tamu ita ce ta takwas a jerin waɗanda suka ƙi rabuwa, jerin da ya fara da 3, 7, 31, 127.

Tana kuma cikin na'urorinmu. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga. In aka ba ta gurbi 32, aka ware ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, sauran 31 ba sa iya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Shi ya sa YouTube ya faɗaɗa ma'ajin ƙidayarsa zuwa gurbi 64 a 2014, lokacin da kallon waƙar Gangnam Style ya kusa kai wannan iyaka.

Akwai wata matsala a gaba. Tsofaffin na'urori da dama suna lissafin lokaci ne ta ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970. Ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT. Na'urar da ba a gyara ba, da daƙiƙa ɗaya ta ƙaru, za ta ɗauka an koma Disambar 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma gurbi 64. Inda ake jin tsoro shi ne tsofaffin na'urorin da aka dasa cikin injuna, aka manta da su.