Idan Kwamfutar Haraji Ta Dawo Maka da Takardarka

Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, zancen haraji ne ke bakin kowa a Amurka, har da Hausawan da neman ilimi ko neman abinci ya kai can: 'yan zangon Gana da ke Bronx a birnin New York, 'yan Nijar da ke Greensboro da Harrisburg, 'yan Najeriya da ke warwatse a jami'o'i da asibitoci. Direban tasi ko mai kula da tsofaffi zai zauna ya cike fom mai lamba 1040, ya aika wa hukumar haraji ta ƙasa, IRS, ta intanet, ya kwanta yana lissafin rarar kuɗin da za a mayar masa. Kashegari sai saƙo ya shigo wayarsa cewa an ƙi karɓa, tare da wasu haruffa da lambobi irin su IND-031-04. Ga baƙon da kullum yake kaffa-kaffa da hukuma, wannan saƙo kaɗai ya isa ya hana shi barci.

Bai kamata ya hana shi ba. Ƙin karɓa ba tuhuma ba ce, ba kuma bincike aka buɗe a kansa ba. Babu ma ɗan Adam ɗin da ya ga takardar. Kwamfuta ce ke tsaye a bakin ƙofa tana gwada abin da aka rubuta da abin da ke rajistar gwamnati, suna da lamba da ranar haihuwa. In ta ga saɓani ko na harafi ɗaya ne, sai ta mayar, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu, ta kuma faɗi inda saɓanin yake. Tun 1986 aka fara gwajin aika takardun haraji ta kwamfuta a Cincinnati da Phoenix da yankin Raleigh-Durham, da takardu kusan 25,000, a 1990 kuma tsarin ya game ƙasar. Yau fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun ɗaiɗaikun mutane ta nan suke bi. Babban abin tsoro a cikin lamarin, sakaci ke kawo shi: a idon doka, takardar da aka ƙi karɓa daidai take da wadda ba a taɓa aikawa ba.

Saboda haka mu fara da lokaci. Wanda ya aika kafin wa'adi aka mayar masa yana da kwana biyar bayan 15 ga Afrilu ya gyara ya sake aikawa, a lissafta masa kamar ya aika kan lokaci. In gyaran ya gagara ta intanet, sai ya buga takardar ya sa hannu ya aika ta gidan waya, kafin wa'adi ko cikin kwana goma daga ranar da aka sanar da shi, duk wanda ya fi nisa a cikin biyun. Ya haɗa da kwafin saƙon ƙin karɓar da ɗan bayanin dalili, ya kuma rubuta da jan biro a saman shafin farko cewa takarda ce da aka ƙi ta intanet, tare da kwanan wata. Wannan rangwamen na takarda ne, bai shafi kuɗi ba. Wanda hukuma ke bin sa bashi ya biya ranar 15 ga Afrilu ko da takardarsa na ta yawo. Tarar rashin aikawa kashi 5 cikin ɗari ce na bashin a kowane wata har ta kai kashi 25, ta jinkirin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata. Ninki goma ke tsakaninsu, shi ya sa barin takarda a rataye ya fi kowane kuskuren cikewa tsada.

Lambar da na ambata a farko, IND-031-04, tana cikin waɗanda aka fi gani, kuma asalinta sa hannu ne. Tunda babu biro a intanet, hukuma kan tambaye ka wani adadi da kai da ita kaɗai ya kamata ku sani, wato AGI ɗinka na bara, jimillar kuɗin shigarka bayan an cire abubuwan da doka ta yarda a fara cirewa. A fom ɗin shekarun 2020 zuwa 2024 yana layi na 11. Mutane kan ɗauko adadin da ke kan takardar albashi ta W-2, ko na takardar da suka gyara daga baya, alhali na ainihin takardar farko ake nema. Miji da matar da suka cike tare bara, kowannensu adadin nan guda zai rubuta, ba a raba shi biyu. Wanda bai taɓa cikewa ba ya sa sifiri. Haka ma wanda ya aika ta bara a makare har yanzu ba a gama aikinta ba, domin a rajistar hukuma babu komai a gurbin. Wannan na ƙarshen kan ɗaure wa mutane kai, ga adadi a rubuce a hannunsu amma a ce su sa sifiri. Dalili shi ne kwamfutar ba gaskiyar lamari take nema ba, abin da ke littafinta take nema.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne suna. IRS ba ta karanta sunan mutum gaba ɗaya. Haruffa huɗu na farkon sunansa na ƙarshe take ɗauka ta gwada da lambar nan mai alƙaluma tara da mutanenmu na can ke kira soshal, kamar yadda aka rubuta a hukumar da ke bayar da katin lambar. An gina tsarin ne a kan al'adar da kowane gida ke da sunan zuriya guda da ake gada. Mu kuwa ba haka muke ba. Bahaushe kan ɗauki sunan mahaifinsa, ko na kakansa, ko na garinsu, wani lokaci takardar makaranta ta ɗauki ɗaya fasfo ya ɗauki wani. Ga kuma bambancin rubutu: Muhammad a Kano, Mohammed a Kumasi, Mahamadou a Maraɗi. A kunnenmu suna ɗaya ne, a wajen kwamfuta kuwa MUHA daban, MOHA daban, MAHA daban. Abubakar da Aboubacar ma a harafi na uku suke rabuwa. In jami'in da ya cike takardar shigowarka ya juya sunayen, ya mai da na farko na ƙarshe, to haka kake a rajista har ranar da ka je ka gyara.

Maganin lambobin R0000-500-01 da R0000-504-02, ta farko kan mai takardar ta biyu kan yaran da yake ɗaukar nauyinsu, bai wuce a ɗauko katin a ajiye a gaba a kwafa harafi bayan harafi ba, ko da rubutun da ke kai ba shi ne wanda aka raɗa ranar suna ba. Matar da ta koma amfani da sunan mijinta amma ba ta canza kati ba, da tsohon sunan za ta cike. Mai son a gyara rajistar, fom SS-5 zai kai wa hukumar katin, ba IRS ba, kuma ba a tsakiyar Afrilu ake fara wannan ba. Ranar haihuwa ma tarko ce. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 3/7 a wajensu 7 ga Maris ne, ba 3 ga Yuli ba. Dattawan da aka haifa inda ba a ajiye rana ba, aka sa musu 1 ga Janairu a takarda, su riƙe wannan ranar a duk abin da ya shafi hukuma.

Wasu matsalolin ba sa ɗaukar minti goma. FW2-502 na nufin lambar wajen aikinka da ka kwafo daga W-2 ba ta yi daidai ba, ka sake duba ta. F8962-070 kan zo wa wanda ya sayi inshorar lafiya ta kasuwar da dokar zamanin Obama ta kafa, gwamnati ta biya masa wani kaso, amma bai haɗa fom 8962 ba. Ya nemo takardar 1095-A da aka aiko masa ya cike da ita.

Akwai kuma ƙin karɓar da ba kuskurenka ba ne, kuma shi ne nake roƙon kada kowa ya yi wasa da shi. In ka ga R0000-507-01, wani ya riga ka sa ɗanka a takardarsa. Sau da yawa ba ɓarawo ba ne, na gida ne: iyayen da suka rabu kowa ya sa yaron, ko kaka, ko kawu da yaron ya yi hutu a wajensa. Doka ba ta duba wanda ya riga aikawa. Tsakanin uwa da uba, wanda yaron ya fi kwana a gidansa a shekarar shi ke da haƙƙi, in sun yi daidai sai wanda AGI ɗinsa ya fi yawa. Mai riƙon yana iya sakar wa ɗayan wani ɓangare na haƙƙin ta fom 8332. A da, mai gaskiya ba shi da hanya sai gidan waya da jiran watanni. Daga lokacin haraji na 2025 aka buɗe ƙofa: yana iya sake aikawa ta intanet muddin ya sa lambar kariya ta IP PIN. Bayan nan hukuma za ta rubuta wa ɓangarorin biyu, wanda ya kasa kawo shaida irin takardun makaranta ko na asibiti ya mayar da kuɗin da ya karɓa, da ruwa a kai, wataƙila har da tara.

A nan dole in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Aron yaro, wato a ba wani lambar ɗanka ya sa a takardarsa ku raba abin da ya fito, zamba ce komai kusancin zumunci. Kuma 'ya'yan da ke gida Najeriya ko Nijar ko Gana, waɗanda ba 'yan ƙasar Amurka ba ne ba kuma mazaunanta ba, ba sa shiga takarda, ko da kai ke biyan kuɗin makarantarsu da abincinsu duk wata. Maƙwabta biyu kawai doka ta keɓe, Kanada da Meziko. Na san da ciwo mutum ya ɗauki nauyin gida guda a ce masa ba shi da kowa. Amma wanda aka kama da gangancin karɓar rangwamen yara ana iya hana shi rangwamen shekara biyu, in zamba ce shekara goma, ga kuma tabon da hakan kan bari ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa.

Mafi muni ita ce R0000-902-01, wadda ke cewa an riga an karɓi takarda da lambarka a wannan shekarar. Ka fara tambayar kanka ko ka aika sau biyu, ko matarka ta aika ta haɗin gwiwa ba ka sani ba. In babu ko ɗaya, to an saci shaidarka, wani ya ƙirƙiri albashi da sunanka don ya kwashi rara. Sai ka aika taka ta takarda tare da fom 14039, rantsuwar cewa an yi maka sata. Jiran yana da tsawo. A 2024 Erin Collins, shugabar ofishin da ke kare masu biyan haraji a cikin IRS, ta bayyana cewa irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna ɗaukar kusan shekara biyu kafin a warware su. Rigakafinsa lambar IP PIN ce, alƙaluma shida da ake sabuntawa duk shekara, wadda tun 2021 kowa ke iya nema ta shafin hukumar in ya tabbatar da ko shi wane ne, har ma a nema wa yara. Wanda ya karɓe ta ya adana ta, domin in ya aika babu ita, IND-181-01 ce za ta dawo masa.

Ɓarayin ma sun san lokacin da hankali ke tashe. Labarin ƙin karɓa ta hannun manhajar da ka yi amfani da ita yake zuwa, ko ta wanda ya cike maka. IRS ba ta fara tuntuɓar mutum ta imel ko saƙon waya ko WhatsApp, wasiƙa take aikawa. Haka nan duk mai cike wa mutane takarda don kuɗi wajibi ne ya sa sunansa da lambarsa ta PTIN a ƙasan fom. Wanda ya ƙi sawa, ko ya yi maka alkawarin rara mai tsoka tun bai ga takardunka ba, ko ya ce a zuba kuɗin a asusunsa, ka tashi ka bar shagonsa ko da yarenku ɗaya, domin abin da aka rubuta a wuyanka yake. Masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda Turancinsu bai nuna ba suna da shirin VITA, inda 'yan sa-kai da aka horar ke cike wa mutane kyauta a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa.

Saura kuskuren da kwamfuta ba ta gani ba. Karɓa ba amincewa ba ce, tana nufin takardar ta wuce bakin ƙofa kawai. Da zarar an karɓa ba a janye ta, ba a kuma sake aika wata 1040 a kanta bayan wa'adi ya wuce. In kuskuren lissafi ne, hukuma kan gyara da kanta ta aiko da wasiƙa, kana da kwana 60 ka musanta in ba ka yarda ba. In kuwa wani kuɗin shiga ka manta, kamar takardar 1099 ta aikin Uber da ta iso a makare, ko ka zaɓi matsayin aure da ba naka ba, sai fom 1040-X, wanda tun 2020 ake iya aika shi ta intanet. Mai jiran rara ya bari ta farko ta shigo, yawanci cikin kwana 21, sannan ya aika gyaran, wanda kan ɗauki mako 8 zuwa 12, wani lokaci har 16. Wanda gyaran zai ƙara masa bashi ya hanzarta, domin ruwa na hawa tun daga Afrilu. Wanda kuma gyaran zai dawo masa da kuɗi yana da shekara uku daga ranar da ya aika ta farko, ko shekara biyu daga ranar da ya biya harajin, duk wanda ya zo daga baya. In wa'adin ya wuce, kuɗin ya zama na baitulmalin Amurka.