Ƙananan Ƙabilu da Samarin Zamanin Siyasa

'Yan'uwana ɗalibai, kowane ɗayanmu in ya fita koyarwa a ƙasar Kontagora zai tarar da aji guda ya haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Bafillace da ɗan Kambari da na Kamuku da na Dakarkari. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana mana yadda maganar haƙƙin ƙananan ƙabilu ta taso a Arewa, da irin rawar da samari suka taka a ciki.

Kafin samun mulkin kai, Arewa duka Jiha ɗaya ce, kuma En'e ke riƙe da kotu da 'yan doka da gidan yari da haraji. To, mutane iri biyu ne suka fara ɗaga murya.

Na farko su ne samarin birane. A ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Malam Aminu Kano ya bar aikinsa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru a wannan shekara, a 1953 kuma ya zama shugabanta. Samarinta suka ɗauki "Sawaba" ta zama takensu, suka riƙa kushe aikin tilas da faɗuwa ƙasa gaban hakimai. Dattawa da yawa suka ga wannan rashin kunya ne tsantsa. An ɗaure da dama daga cikinsu, har da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta nemar wa mata ƙuri'a.

Na biyu su ne ƙabilun da ke tsoron in Bature ya tafi manyan ƙabilu za su danne su. Jam'iyyarsu ita ce UMBC, wadda Joseph Tarka, malamin makaranta daga ƙasar Tibi, ya shugabanta tun 1957 yana da shekara 25. Abin da suke nema shi ne a yanka musu jiha tasu a tsakiyar Nijeriya, har ana lissafa Lardin Neja a ciki.

Da kuka ya yi yawa, Gwamnatin Ingila ta naɗa hukuma a 1957 ƙarƙashin Sir Henry Willink don ta bincika. A rahotonta na 1958 ba ta yarda a ƙara jihohi ba. Sai ta ba da shawara a rubuta haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, watau 'yancin addini da na faɗin ra'ayi da hana nuna bambanci saboda ƙabila. Haka kuwa aka yi a tsarin mulkin 1960. Jihohin ma daga baya sun zo: Janar Gowon ya yi 12 a 1967, Jihar Neja kuwa ta samu a 1976.

Amma fa a ganina jiha ba ta kashe wannan tsoro ba, don kowace sabuwar jiha tana da nata ƙananan ƙabilun. Abin da aka rubuta a takarda, a aji ne yaro zai fara ganin ko gaskiya ne. In ɗan Kambari ya yi tuntuɓe da Hausa aka yi masa dariya malam na kallo, ya koyi cewa shi bare ne a ƙasar kakanninsa. In kuwa malam ya tsawata, ya kuma tambaye shi sunan abin da harshensu, ajin duka ya ƙaru. Mu tuna Aminu Kano da Tarka duk alli suka fara riƙewa. Allah ya sa mu yi adalci.