Mene Ne Kiwon Haɗin Gwiwa Na Gidajen Namun Daji?

Shi dai wannan kiwo, wanda ake yawan ambatarsa a labarai, yarjejeniya ce tsakanin gidajen namun daji na ƙasashe dabam-dabam, cewa za su ɗauki dabbar da ta kusa ƙarewa tamkar garke ɗaya, ko da yake teku ta raba su.

Asasinsa littafin nasaba ne, inda ake rubuta uwa da uban kowace dabba, domin idan jini ya yi kusa ainun zuriya takan raunana. Saboda haka mai riƙe da littafin ne ke shawarta wane namiji za a sa a akwati a kai wa wace mace.

Mariri shi ne hujja. A shekarar 2000 aka hukunta cewa ya ƙare a daji, amma da aka tattaro irinsa daga Amurka da Turai zuwa Abu Dhabi, sai aka fara sakinsa a Chadi a 2016, sanye da na'urar bibiya a wuya, har ya hayayyafa. Makiyayan wurin kuwa, waɗanda raƙumansu ke kiwo tare da shi, lalle sai da yardarsu al'amarin zai ɗore.