Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Ƙin Tashi Idan Ta Ɗauki Zafi?

A tashoshin mota na Anka da Gummi da Bukkuyum akwai abin da kusan dukkanmu mun saba gani: direba ya murɗa makulli, mota ta ce ƙas ta yi shiru, sai a ji ana kiran, "Samari, a taimaka a tura." Abin mamaki, wannan motar da asuba bugu ɗaya ta tashi. Sai da ta yi tafiya ta ɗauki zafi, aka kashe ta, sannan ta tubure. Batir aka fi ɗora wa laifi, amma sau da yawa rigimar ta wasu maƙwabta biyu ce a ƙarƙashin bonet: kik da salansa.

Mu ɗauki Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Yau an daɗe da daina yin ta, don haka kayanta na asali sun yi wuya. Dole bakanike ya nemo na hannu daga Gusau ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wani lokaci ma a ɗora mata injin wata motar daban. Idan bututun salansa bai zauna daidai ba, sai mai walda ya lanƙwasa shi ya bi duk inda ya samu hanya. Idan hanyar ta bi ta gefen kik, an shuka matsala.

Shi kik ƙaramin inji ne mai aiki da lantarki. Da an murɗa makulli, sai ya jawo wuta daga batir mai bolt 12, ya turo wani ɗan ƙarfe mai haƙora ya sarƙe da haƙoran babban faifan da ke bayan inji, ya juya shi har mota ta kama. A cikin 'yan daƙiƙun nan yakan ja fiye da amfiya 100. Shi kuwa bututun salansa, hayaƙin da ke shiga cikinsa daga inji kan wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyos.

A nan darasin Fiziks ke shigowa. Cikin kik wayar jan ƙarfe ce a nannaɗe, kuma idan jan ƙarfe ya yi zafi yakan ƙara tauye lantarkin da ke ratsa shi, da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Ke nan idan zafin kik ya ƙaru da digiri 100, tauyewar ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Ku haɗa wannan da zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40 a yankinmu, da tsohon batir, da kan batir mai tsatsa. Shi ya sa motar ke tashi idan an bar ta ta huce.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Amurka, masu ajiye tsofaffin motoci masu ƙarfin inji irin su Ford Mustang da ta fito a 1964 da Chevrolet Camaro kan sauya bututun salansa da manya don ƙarin gudu, sai su tarar bututun ya matse kik ko yana gasa shi. Maganinsu ba ya wuce na ƙwararrun kanikawanmu: a nisanta bututun daga kik, a sa farantin ƙarfe tsakaninsu tare da barin sarari don iska, ko a sauya kik da ƙarami wanda zai shiga wurin. Sai a goge kawunan batir, a ɗaure wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Idan kuma kik na ƙarar gurzar ƙarfe, alama ce haƙoransa ba su dace da na faifan ba, kuma kowane bugu cinye su yake yi.

Ga masu zuwa gareji koyon aiki bayan an tashi makaranta: a bar inji ya huce tukuna, a fara cire wayar batir mai alamar ragi kafin a taɓa kik, kuma kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wannan gyara ba na ado ba ne. Salansar da ba ta zauna daidai ba kan yi yoyon iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma iya kisa idan ta taru a cikin mota. Sannan duk mun san halin tsaron da hanyoyinmu ke ciki. Motar da ta ɗauko mara lafiya ko 'yan kasuwa, idan ta mutu a dajin da ke tsakanin Anka da Gummi, babu mai son jiran ta huce. Tazarar 'yan yatsu tsakanin bututu da kik, wadda bakanike mai lura ya auna tun a gareji, tana iya zama dalilin da kowa zai kwana a gidansa.